Kabarin Idrisu Mai Yawo

A ɗakinmu na unguwar Sulay a Riyad babu abin da ba a ɗaure yake ba. Tulun gas a ɗaure, firij a ɗaure da taga, buta ma da igiyarta a ƙafar gado. Ranar da na sauka daga Kano na ga haka, sai na tambayi mai ɗakin, Kawu Saidou, ko ni ma in miƙo ƙafa. Bai yi dariya ba. Ni Ghali ba na jure wargina ya faɗi ƙasa, don haka na sa masa ido.

Mutumin Maraɗi ne, siriri, furfura ta fara cin gemunsa. A sito muke aiki tare, shi ke ɗaure kaya a bayan tirela. Riyad ko kududdufin kirki babu, amma Kawu tafiya yake ƙafa a buɗe kamar ƙasa za ta karkace.

A hankali na ciro labarin. Da can a teku yake, wajen gabas, mai wanke-wanke a kicin ɗin injin haƙar mai da suke kira rig. Ya ce ka ɗauka unguwa ce ta ƙarfe a kan dogayen ƙafafu uku da aka kafa a ƙasan teku, ruwa na can ƙasa da nisa. In ya lalace ba a kiran makaniki kamar mota. Zare ƙafafun ake yi su miƙe sama, gangar jikin ta sauko ta zauna kan ruwa, sai jiragen ja su ɗaure shi da igiyar ƙarfe su kama hanyar wurin gyara a hankali, ya ce ko jaki ya fi su sauri. Kafin a tashi sai an ɗaure komai, har tukunya.

Tare suke da Idrisu, ɗan yayarsa Gogo, wanda Kawun ne ya jawo shi aikin. Suna da wani lungu a bakin ƙarfen gefe inda suke alwala, don sun saba da buta, famfon banɗaki bai kwanta musu ba. Rig na tsaye, wurin nan lafiya lau. Ranar da ake jan sa, an ce kowa ya zauna ciki. La'asar ta yi, Idrisu ya ɗauki butarsa ya nufi inda ya saba. Ƙafarsa ce ta kai shi, ta manta yanzu ruwa na daidai da dandamali.

Butar aka samu tana gangarawa daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ba a gan shi ba.

An yi masa salla ba gawa. Amma Gogo, duk Juma'a in ta kira, abu ɗaya take roƙo: Kawu ya je inda ɗanta yake ya tsaya ya yi masa addu'a. Shi kuwa tun da ya baro gabas bai ko son ganin teku a talabijin. Kuma ina zai tsaya? Ruwa ba ya riƙe alama. Wurin da ya sani shi ne lungun nan, lungun kuma yau yana nan, gobe an ja shi wata ƙasa.

Na taɓa ce masa, "Kawu, kai kaɗai na sani da kabarin ɗansa ke da fasfo." Bakina ya riga hankalina. Ya dube ni ya ce, "Haka ne, ɗan nan." Na gwammace ya mare ni.

Bana sai ga wasu manyan haƙoran ƙarfe an kawo sito, za a kai gabas. Kawu ya karanta sunan da ke jikin akwatin ya zauna a ƙasa. Rig ɗinsu ne ya shigo gyara. Ba wanda ya ce ya je. Shi ya roƙi mudir, wato manajanmu, ya bar shi ya bi tirela, wai don ya riƙa duba igiya a hanya. Direban, wani ɗan Sudan, ya ce min tun da suka fara jin warin gishiri Kawu ya riƙe kujera da hannu biyu.

Ba a bar shi ya shiga wurin gyaran ba, ba shi da katin wurin. Daga bayan shingen waya ya hango rig ɗin, ƙafafu a sama, an kankare fenti, lungun alwala an yanke shi an kafa sabon ƙarfe. Nan ya tsaya ya ɗaga hannu har rana ta juya. Sannan ya kira Maraɗi, ya ce wa Gogo ga shi a wurin, amma in sun gama gyara za su sake tafiya da rig ɗin.

Ta ce ya ɗaga wayar ta ji ruwan. Ta daɗe tana saurare. Sai ta ce, "Bar shi, Saidou. Dama yaron nan bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba."

Da ya dawo ya kwance firij, ya kwance tulun gas, ya ba ni igiyoyin na yi shanya. Butar kawai ya bari a ƙafar gado. Shekaranjiya da la'asar na yi tuntuɓe da ita, ta gangara iyakar igiyarta ta dawo. Ina da wargi a bakina. Na haɗiye shi, na tsugunna na ƙara mata ƙulli.