Ƙanena Ya Dafa Giginyar Kakar Inna

"Yaya, tafi abinki, ko akuya ba za ta taɓa randunan nan ba." Haka ƙanena Sani ya ce mini a Kucheri ranar da zan koma Gusau. Akuya kam ba ta taɓa ba.

Giginyar bayan gidanmu kakar Inna ce ta shuka ta, tun farkon shigowar Turawa ƙasar nan. Bara aka sare ta aka yi azara, ita ce kuma ta ƙarshe a unguwarmu. Na tsinci ƙwallonta bakwai na binne a tsofaffin randuna masu zurfi, saboda giginya ƙasa take fara nutsawa kafin ta leƙo sama. Wata biyar ina jira.

Jiya da na dawo Kucheri, na iske randa biyar a kife.

"Sani, ina shukata?"

"Yaya, muruci fa ya ƙosa. Wa ke binne ƙwallon giginya in ba don muruci ba?" Ya miƙo mini kwano a rufe. "Ga naki, mai kaurin na zaɓar miki."

Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Daga baya na zauna na cinye, don irin dahuwar Inna ya yi.

Saura biyu. Sani, kafin Juma'a ka haƙa rami kusa da kututturen, ka kewaye shi da ƙaya. In ba haka ba, zan kwashe su zuwa gonar mijina a Bungudu, jikokinka su riƙa zuwa roƙon inuwa. Jama'a, ku ne shaida.