Uwar Bokiti

Duk wanda ya taɓa kwantar da majinyaci a unguwar nan ya san ƙarar bokitinta. Shuɗi ne, na roba, amma mariƙinsa ƙarfe ne, mijinta ya lanƙwasa mata shi a shagonsa bayan na asalin ya tsinke, kuma in tana tafe yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. A ciki akwai sabulu, da tsummoki wankakku, da leda a naɗe, da kwalbar man shafawa, da zanen gado guda a ninke. Sunanta na gaskiya kuwa sai dai a tambayi fasto, shi ma sai ya ɗan sosa kai. Yara da manya Uwar Bokiti suke ce mata, ita ma tana amsawa.

Ba nas ba ce, ba ta taɓa cewa ita ce ba. Tana budurwa ta yi shara da wanki a wani asibiti, a can ta ga yadda ake juya mutumin da ba ya iya juya kansa, a wanke shi, a goge masa baya ya bushe, a tokare shi da matashi. Uwarta ta kwanta, ta yi mata. Surukarta ta kwanta, ta yi mata. Daga nan sai matar maƙwabci, sai uban mai kaɗa gangar coci, kafin a ankara aikin ya zama nata, ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya yi mata kishinsa. A coci bencin baya take zama, dab da ƙofa, don in an zo kiranta kada ta tsallake ƙafafun mutane. Doguwar addu'a ba ta iya ba. In an ce ta rufe taro, kalma biyu take yi ta ce amin, mata suna taɓa juna da gwiwar hannu. Takan ce ita bakinta nauyi gare shi, amma Ubangiji ya san ɗakin da take in yana nemanta.

Mijinta mai walda ne, ƙato, irin wanda in ya zauna a benci sai an nemi wani bencin. Shi ya haɗa ƙofar cocin da tagoginsa, amma shiga ciki sai ya ga dama. In ta yi masa faɗa sai ya ɗage baƙin gilashinsa ya ce ita ta yi musu aikin, shi ya riƙa cewa amin daga shago, a raba ladan. Ita kuwa ta ce ranar rabo zai ga kasonsa bai cika cokali ba. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, tana aure a gari mai nisa.

To, Uwar Bokiti tana da wata ɗabi'a, kuma a kanta labarin nan yake. In ta shiga gidan majinyaci ta tarar da masu dubiya sun cika ɗaki, sai ta dire bokiti ta ce, "Ku koma falo ku riƙa yi mana addu'a." Ta ja labule. Don rufin asiri take yi. Mutum ya girma, ya haifa, ya aurar, bai kamata wanda suke zama benci ɗaya da shi ya gan shi kwance cikin abin da ya fi ƙarfinsa ba. Wannan gaskiya ne. Amma ni da na san ta zan ƙara da cewa ba ta son a taɓa mata aiki. Akwai wata tela a cikin matan coci da ta taɓa naɗe hannun riga ta ce a koya mata, Uwar Bokiti ta ce ta bari kawai, za ta ɓata mata. Shekara da shekaru ana haka har abin ya zama tsari irin na sujada: a ji ƙarar bokiti, a miƙe, a koma falo, a ɗauko waƙa. Har fasto ya kafa misali da ita a wa'azi, ya ce ikilisiya jiki ɗaya ce, wani baki ne, wani hannu ne, kuma ga hannunmu can a bencin baya. Kowa ya ji daɗin wa'azin nan, don kowa ya duba kansa ya ga shi baki ne.

Wata rana da hantsi mai walda ya sunkuya zai ɗauki ƙarfe, bai ɗago ba. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Asibiti suka riƙe shi suka yi abin da za su iya, suka sallamo shi. Nas ɗin da ta raka su bakin mota ta ce a riƙa juya shi a kai a kai, dare da rana, don irinsu ba ciwon ke kashe su ba, mikin da baya ke yi ne in an bar shi a gefe guda. Uwar Bokiti ta gyaɗa kai. Ta riga ta ga waɗanda mikin ya ci.

Aka kwantar da shi a gadon ƙarfen da ya haɗa musu da hannunsa. Ta shimfiɗa leda, ta sa ninkakken zanen a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa ƙugu. In lokaci ya yi sai ta dafa gefen gadon da gwiwa, ta naɗe bakin zanen a hannu, ta ja shi ya mirgino, ta tura matashi a bayansa. Tsofaffin da ta saba juyawa ƙashi da fata ne, wannan kuwa buhun siminti biyu ne a haɗe. Duk da haka ta yi watanni tana yi, bayansa sumul, har tana tsokanarsa cewa bai taɓa yin tsabta irin ta yanzu ba. Kalma ɗaya ce ta dawo bakinsa, ita ce amin, kuma da ita yake amsa komai, ko tuwo ne ko zagi. Ta ce masa to ga shi nan, shi dai ya cika nasa alkawarin.

Sai ranar da ta ja zanen ta ji wani abu ya ce ƙas a kafaɗarta ta dama. Ta zauna a ƙasa ta riƙe wurin, gumi yana karyo mata. Aka shafa, aka ɗaure, aka gasa da ruwan zafi, hannun ya ƙi wuce ƙirjinta. Ko murfin kwalba ba ya buɗewa.

Kada in yi wa 'yan coci ƙarya, ba su yashe ta ba. Sun zo. Sun zo da abinci a kwanuka masu murfi, da lemo, da sabulu. Fasto ya tsara waɗanda za su riƙa zuwa kowace yamma, kuma ba a taɓa fashi ba. Sukan kewaye gadon su ɗora masa hannu a ka, su roƙi Ubangiji ya tashe shi, wasu har da hawaye na gaske. Amma da ta sunkuya ta ɗauki bokitin da hagu, mariƙin ya yi kukansa, sai su miƙe cikin ladabi su koma falo, na ƙarshe ya ja mata labule. Waƙa ta tashi a can. Ita kuwa a ciki tana jan zane da hannu ɗaya, ɗaya gefen a haƙoranta, mutumin ya ɗan gota kaɗan ya koma inda yake.

Ba a jima ba ta ga jan tabo a ƙasan bayansa. Ta danna da yatsa, bai yi fari ba. Ta san abin da ke biye, miki ne yake tafe.

Ta gaya masa za ta nemi a kama mata. Ya damƙe zanen rufarsa da hannun da ke aiki, yana girgiza kai, hawaye suna bin gefen bakin da ya karkace. Mutumin da ya ɗauki ƙofar cocinsu a kafaɗa ba ya son su ga yadda ya koma. Ita ma kunya take ji, kunya mai zafi, don a duk rayuwarta ba ta taɓa cewa wani ya kama mata ba. Ta goge masa fuska ta ce, "Baban yarinya, kunya ba ta kai rai ba."

Ranar Lahadi bayan sujada ɗakin ya cika. Ga fasto, ga tela, ga dattijon coci mai farin gemu, ga maza biyu daga cikin mawaƙa. Ta ɗauki bokiti, suka miƙe.

"Ku tsaya," in ji ta. "Yau ba addu'a nake so ba. Hannu nake so. Mutum ɗaya ya kama min mu juya shi."

Kowa ya dubi na kusa da shi. Dattijon ne ya yi magana, kuma cikin taushi ya yi ta. "Haba Mama, ai wannan baiwarki ce. Mu in mun taɓa sai mu ɓata miki."

Maganarta ce aka maido mata, ba a rage ko kalma ba. Tela ta sunkuyar da kai.

Fasto matashi ne mai zuciyar kirki, ya cire kwat ya naɗe hannun riga. Bai san inda ake kamawa ba, ya ja shanyayyen hannun, mai walda ya yi wani nishi da ya sa sauran suka fice falo ba tare da an ce musu ba. Ta nuna masa zanen, suka mirgino shi. Da mikin ya buɗe, wari ya cika ɗakin. Fasto ya daure ya riƙe har ta wanke ta shafa, sannan ya fita bayan gida wurin famfo ya yi amai. Ya dawo idonsa jajur yana ba ta haƙuri, ya ce wallahi bai sani ba, zai gaya wa maza.

Ya kuwa gaya musu, daga kan mimbari. Hannuwa suka tashi sama kamar ana rabon wani abu. Ranar Asabar mutum biyu suka zo, suka juya shi, suka yi addu'a, suka tafi da farin ciki. Amma baya ba ya jiran Asabar. Wannan yana da shago, wancan yana da ofis, wani matarsa ta ce kada ya kwaso musu ciwo, dattijo kuma ya ce shi ma bayansa ba lafiya. Fasto ya ƙara zuwa sau da dama, amma yana da jana'iza nan, ɗaurin aure can, da ikilisiya guda a kansa. Tela ta gwada, ƙarfinta bai kai ba. 'Yarsu ta zo da tsohon ciki, ta yi kuka, ta yi wanki, mijinta ya aiko ta koma. Masu addu'ar yamma dai ba su fasa ba, har suka ƙara da azumi.

Uwar Bokiti ta yi fushi. Ta yi fushi da su, waɗanda ke iya tsayawa a tsaye suna addu'a har ƙafa ta kumbura amma ba za su sunkuya ba. Ta yi fushi da Ubangiji ma, ta gaya masa a fili tana matse tsumma, cewa ta ba shi hannuwanta biyu tun tana yarinya, ga shi tana neman aron guda ya rasa inda zai samo mata. Amma fushin da ya fi cin ta nata ne. Ta tuna gidajen da ta shiga, da 'ya'ya da matan da ta kora falo, ba ko mutum ɗaya da ta bari ya tsaya ya gani. Ita ta koya musu cewa nasu waƙa ce a bayan labule, kuma sun koya da kyau. Addu'arta dama can gajeriya ce, yanzu ta koma kalma ɗaya, hannu, hannu, tana maimaitawa tana jan zanen da ba ya motsi.

Mikin ya yi zurfi har yana cinye tsumma guda. Zazzaɓi ya shigo. Ƙaton mutum ya fara zubewa, amma ƙashinsa na mai walda ne, bai yi sauƙin da hannu ɗaya zai juya shi ba. Duk sa'ad da ta gwada ta kasa sai ta ce masa ya yi haƙuri, shi kuma ya ce amin. In waƙa ta tashi a falo ma yakan motsa baki ya amsa musu. Wata safiya tana ɗiga masa ruwa da cokali, ruwan ya gangaro ta gefen baki bai haɗiye ba.

Ita ta wanke gawarsa, da hagu, iyakar inda hannunta ya kai. Tana fitowa wata mata ta rungume ta tana kuka, ta raɗa mata cewa surukarta ma ta kwanta, in Mama ta ɗan huta suna nan suna jiranta. Uwar Bokiti ta zame jikinta ta wuce.

Da aka kawo akwati, tsakar gida ta cika da maza. Mawaƙa, da masu shago, da 'yan ofis, kowa yana ture wani don ya samu wurin kamawa, don mutumin da ya haɗa ƙofar coci ba za a bar shi ba gata ba. Suka shiga ɗakin, ba wanda ya koma falo. Suka kama zanen nan nata, wannan gefe da wancan, dattijo yana cewa a kama nan, a ɗaga can, a hankali da kansa. Suka ɗaga shi cak, suka sa shi a akwatin. Da suka ga bai kwanta daidai ba, suka mirgina shi gefe, suka gyara masa riga ta baya, suka maido shi a hankali, har wani ya tura masa matashi. Tana tsaye jikin bango, hannun dama a rataye, tana kallo.

"Ashe kun iya," ta ce.

Dattijo ya juyo, gumi a goshinsa, fuskarsa cike da tausayi. "Ai aikin Ubangiji ne, Mama."

Suka ɗora shi a kafaɗu suka fita da shi, waƙa ta bi su. Ta zauna a bakin gadon ƙarfen, kusa da ramin da jikinsa ya bari a katifa. Bokitin yana bayan ƙofa da ruwan wankan a ciki, ba wanda ya zubar.