Bakin Hannun Hagu

Rigar sanyin da na warware ba tawa ba ce. Ta yayata ce, wadda ta rasu tun kafin a haife ni, kuma ita kaɗai ce abin da ya rage wa Inna nata. Ban san haka ba sai da na gama ɓarnar.

A shekarar ina aji uku na ƙaramar sakandare. Damina ta yi nauyi, kogi ya cika, samarin unguwarmu suka yi ta ɗura yashi a buhu suna jerawa a bakin jinga. Gidanmu a gangare yake, don haka Baba ya ce a kwashe kaya a kai gidan Goggo, yayarsa, da ke kan tudu a cikin gari. Goggo da kanta ta zo taya Inna ɗauri. Inna tana sauke kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya, Goggo tana tsaye a kanta tana nuna waɗanda suka yi tsatsa. Da aka zo kan babbar kwallar da ke can ƙasa, wadda ban taɓa ganin an buɗe ba, sai Inna ta juya mana baya. Na ga gwiwar hannunta ta motsa zuwa buhun tsummoki. Na gani sarai, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Ruwan ya shigo tsakar gidanmu, ya tsaya a dokin ƙofa, ya yi kwanaki, sannan ya janye ya bar mana laka da matattun ƙananan kifaye a bayan randa. Aka dawo da kayanmu a kura. Buhun tsummokin ne kawai aka manta a zauren Goggo. Sau biyu na ji Inna ta tambaya.

“Goggo, buhun nan fa?”

“Wane? Na tsumma? Ƙafa gare shi da zai gudu?”

Inna ba ta sake tambaya ba.

A makaranta kuwa, yarinyar da muke zama benci ɗaya da ita ta iya saƙa da kwarashi. Mutanen wajen Guri ne, ruwa ya kore su wata shekara suka zauna a Haɗeja. Bakinta ba ya hutawa, hannunta ma haka. Da an fita tara sai ta zaro zare daga hijabinta ta kama saƙa: safar jarirai, abin ɗaure gashi, ƴar jakar fensir. Ni kuwa kallo nake yi ta wutsiyar ido. Na lura tana ɗan cije leɓe duk lokacin da za ta juya layi. Bebiya take kirana, saboda ba na magana.

Wata rana ta ce, “Bebiya, kallon ya isa haka, idonki zai tsinka min zare. Karɓi.”

Ta miƙo min kwarashin da babanta ya yi mata da tsinken lema, ya goge bakinsa ya lanƙwasa.

Na ce, “Ba ni da zare.”

“La ila, ta yi magana! Wa ya ce miki sai an saya? Gidanku babu tsohuwar suwaita? Warwarewa ake yi.”

Na riga na san abin da nake so in saƙa. Inna tana ƙulle wayarta a bakin zani, kullum sai ta faɗi. Ranar kwashe kaya ma a laka ta faɗa, sai da aka binne ta cikin shinkafa kafin ta tashi. Ina so in yi mata ƴar jaka mai igiya da za ta rataya a wuya. Ban taɓa ba Inna komai ba.

Da aka tashi na biya gidan Goggo. Tana ciki tana sallar azahar. Na kwance buhun a zaure, na tura hannu. A can tsakiya, cikin wani yagaggen kallabi, na taɓo ta. Ƙaramar rigar sanyi ce koriya, ta ɗan koɗe, kamar ta yarinya ƴar shekara huɗu. Maɓallai uku ne a kafaɗa, biyu korra, na ukun fari ne da aka ɗinka da baƙin zare. Tana ƙamshin turaren wuta da na abin da ya daɗe a rufe. Na ce a raina tawa ce ta yarinta. Ta wa kuma za ta zama? Ni ce ƴa mace ɗaya a gidan. Na san an yi wata kafin ni, don Inna tana kiran sunana kai tsaye, abin da a danginmu uwa ba ta yi wa ƴar fari. Amma ban taɓa jin an yi zancenta ba, ban taɓa tunanin ta sa riga ba.

Da na jira Goggo ta sallame na tambaye ta, da ba a yi haka ba. Kalma huɗu ce kawai. Na cusa rigar a jakar makaranta na fita.

A gidan ƙawata muka warware ta, ranar Asabar da hantsi. Mamanta tana turara shinkafa a rabin duro, tururi ya cika gidan. Ƙawata ta farke ɗinkin gefe da reza, ta nemo bakin zaren, ta ba ni ta ce in ja. Na ja. Layi ya riƙa bin layi yana wani ɗan ƙara tir-tir a yatsuna, kuma ban ɓoye ba, na ji daɗinsa. Gaban rigar ya tafi, bayanta ya tafi, hannun dama ya tafi.

Hannun hagu ne ya ƙi. Bakinsa ya taurare, ya dunƙule, zaren ya yi ta tsinkewa guntu-guntu. Na ɗaga shi a rana na ga ƙananan huji a jere.

Ƙawata ta ƙwace ta duba, ta fashe da dariya. “Tauna shi aka yi! Mama, zo ki ga, ashe bebiya akuya ce tana ƙarama. Shi ya sa ba ta magana, bakin a cike yake da suwaita.”

Ni ma na yi dariya. Na yanke wurin da reza, kamar faɗin yatsu uku, na jefa a wutar duron. Bai ci kamar auduga ba. Ya narke, ya nannaɗe, ya yi baƙi, ya tayar da wari.

Mamanta ta ce, “Ke, za ki ɓata min shinkafa da warin roba? Ku matsa can!”

Zaren da aka warware ba ya saƙuwa haka nan, a lanƙwashe yake kamar taliya. Muka nannaɗe shi a ƙafafun kujera, muka zare, muka tsoma a ruwan zafi da garin sabulu, muka rataye a igiyar shanya da dutse a ƙasansa. Kafin la’asar ya miƙe sambal. Koren ya fito kamar sabo. Ƙamshin nan kuma ya tafi.

Mako biyu na yi ina saƙa jakar. Hannuna yana matse zare, gefen ya riƙa karkacewa, sau uku ina kwancewa ina sakewa. Da ta haɗu, ƙawata ta nuna min yadda ake fure da allura. Na yi fure ɗaya da zare ruwan ɗorawa, ganye biyar, ɗaya ya fi sauran tsawo. Na murɗa igiya mai kauri. A bakin jakar na ɗinka farin maɓallin nan, don ya fi korran kyau.

Ranar Juma’a na ba Inna. Goggo tana gidanmu, a ranar ta sa aka kawo buhun, yana jingine a bakin ɗaki ba a kwance ba. Inna tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa a faifai, idonta yana yawan zuwa wurin buhun. Na ɗora jakar a gwiwarta na ja da baya.

Goggo ta yi dariya ta ce, “A’a! Shiru-shirun nan ashe da abin kai a ciki. Mu gani. Ni ina tawa, ko ni ba ni da wuya?”

Inna ba ta miƙa mata ba. Ta ɗauki jakar. Ba furen ta kalla ba. Ta sa babban yatsa a kan maɓallin, ta daɗe a haka. Sannan ta kai jakar hancinta, ta sauke da sauri.

“A ina kika samu zaren?”

“Tsohuwar rigata ce, Inna. Ta cikin buhu.”

“Duka kika warware?”

“Eh.”

Goggo ta daina dariya.

Inna ta ce, “Hannun hagun fa? Bakinsa.”

“Ya lalace. Na sa a wuta.”

Ta gyaɗa kai sau biyu. “To. Allah ya yi miki albarka.”

Ta ajiye faifan a ƙasa, ta ɗauki buta ta zaga bayan gida. Kaji suka taru a kan shinkafar. Ba wanda ya kore su. Na tsaya ina sauraro, ban ji ƙarar ruwa ba, ban ji komai ba.

Goggo ta miƙe ta yafa mayafinta. “Ɗauko min ledata, ki raka ni.”

Muka wuce inda ake shanya shinkafa a bakin titi. Wani mai babur ya yi mana oda, ta ce masa ya bi ta sama in yana sauri. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Ke ba kya tambaya ne? Ba taki ba ce. Ta yayarki ce. Ni na sayo mata a kasuwa. Maɓallin ya faɗi, uwarki ta ɗinka wani. Yarinyar ba ta barci sai da hannun rigar nan a baki, an sa mata maɗaci, an sa barkono, ta ƙi bari.”

Ta ce a lokacin su Inna suna ƙauye. Zazzaɓi ya kama yarinyar a shekarar da ruwa ya yanke hanya. Kafin a samu kwalekwale a fito da ita tudu, ta cika a cinyar Baba.

“Uwarki ko hawaye ba a gani ba. Kowa yana yaba ta, ana cewa ƴar mutunci. Ƴar fari ce, ai ba a yi. Ko tana raye ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Mu haka muka tashi.” Ta gyara mayafi. “Ni na raba kayanta sadaka. Na duba rigar nan na ga babu. Abin da na sayo da hannuna zan manta? Na yi shiru. Shekara goma sha bakwai ina shiru. Da na san a buhun nan ta jefa ta, da ranar zan aiko da shi.”

Na ce, “Babu hotonta?”

“Wa zai ɗauki ƴar fari ya kai ta hoto? Kawo ledar. Koma gida. Kada kuma ki je kina yi mata kuka a gaba, ki ƙara mata aiki.”

Ranar Litinin na tambayi ƙawata ko za a iya mayar da rigar. Ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskata ta fasa. Ta ce inji ne ya saƙa waccan, kwarashi ba ya yin irinta, ko an yi ma wata riga ce daban. Na bi ta gida na duba gindin duron. An kwashe tokar tun tuni an kai gona. Ta dawo min da abin ɗaure gashin da ta yi da ɗan zaren da na ba ta. Safar jariri ɗaya da ta saƙa da shi kuwa ta riga ta tafi gidan suna a Guri.

Na nannaɗe sauran zaren, ya yi kamar lemo. Na jira Inna ta fita, na buɗe kwallar ƙasa. Babu komai a ciki sai wata tsohuwar takarda da aka shimfiɗa, da alamar inda abu ya daɗe a kwance. Na ajiye zaren da maɓallai biyun na rufe.

Sau ɗaya na gwada ba ta haƙuri. Tana wanke-wanke, na tsuguna a gefenta.

“Inna, ki yafe min.”

Ba ta ɗago ba. “Me kika yi?”

“Rigar.”

“Tsumma ne. Tashi ki ɗebo min ruwa.”

Na tashi na ɗebo. Daga nan maganar ba ta sake tashi ba, har yau. Ba ta zage ni ba, ba ta canza min fuska ba. Da ta dake ni da na fi samun sauƙi.

Jakar tana wuyanta, a cikin riga. Wayar kuwa tana nan a bakin zani, tana faɗuwa kamar da. Ina saƙa har yanzu, hannuna ya saki, na yi wa yara da yawa safa da hula. Sabon zare kawai nake taɓawa.

Da kaka ta bana na dawo daga makaranta da wuri, malaminmu bai zo ba. Ban yi sallama da ƙarfi ba, kamar kullum. Inna tana tsakar gida ita kaɗai tana sheƙar shinkafa, ta ba ƙofa gefe. Hannayenta biyu suna kan faifai. Igiyar jakar tana tsakanin haƙoranta, wurin ya jiƙe, koren ya yi duhu.

Na koma zaure a hankali. Na tsaya har na ji ta ajiye faifan, sannan na yi sallama yadda za ta ji.