Injin da ya karɓi sunana

Cikin shekarun da na yi ina kula da ɗakin ƙyanƙyasa na ƙungiyarmu ta mata a Ajingi, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wadda ƙwan Dije ya kusa lalacewa a hannuna. Ina ba ku labarin ne ku da kuka fara aiki bana, don na ji kuna ƙorafin ƙarar da injin yake yi.

Injin yana aiki da sola, kuma wata 'yar kwamfuta ce a gefensa take tafiyar da shi. Injiniya Sakina, 'yar Gaya da ke aiki a Kano, ita ta haɗa mana shi. Ta ce a cikin kwamfutar akwai abin da suke kira tafinta, mai karanta umarni layi bayan layi. In ya ga “juya”, sai ya karkata farantan ƙwai. In ya ga “zafi”, sai ya duba ɗumi. In kuwa ya ga sunan da bai sani ba, sai ya miƙa wa wani sashe ya nemo a ma'ajiya. In an samu a aikata, in ba a samu ba ya tsaya, ya fito da jan rubutu, ya yi ƙara. Ni aka ba aikin don na yi yaƙi da jahilci, ina karatu ko da a hankali ne.

Ƙarar nan ta dami mutane. Da ta tashi sai masu ƙwai su ce injin ya lalace, wasu har su kwashe nasu. Shugabarmu Hajiya Ladi ta ce wa Sakina, “'Yar nan, ki koya masa kunya mana. Yana korar mana jama'a.” Sakina ta yi ta jan ƙafa, daga baya dai ta kashe ƙarar da jan rubutun. Muka samu shiru, muka ji daɗi.

Da damina ta kama, zabi suka fara saka ƙwai, na je Gafasa wurin Dije, wata Bafulatana da muka saba. Ita kaji take sa wa ƙwan zabinta su kwanta, kamar yadda ta ga uwarta tana yi. Na yi ta lallashinta har ta ba ni duk ƙwan da ta tara a cikin ƙwarya, da ƙaiƙayi a ƙasa. Ta ce, “Talatu, ba injin na ba wa ba, ke na ba wa.”

Ƙwan zabo yana kai kusan wata. A kwanakin ƙarshe dole a daina juya shi, a ƙara danshi, don ɗan tsako ya daidaita kansa ya fasa ɓawo. Da can ni nake kashe juyin da hannu. Amma a wannan karon Sakina ta sa sabon umarni a tsarin, “kwanta”, wanda zai yi duka da kansa in lokaci ya yi.

Ranar da na shigo da safe ina sa ran in ga farantan a kwance, sai na ji motar juyin, wato na'urar da ke karkata su, ta yi ƙugi, ƙwan ya karkata. Ya kamata a ce tun shekaranjiya ya daina. Na duba fuskar kwamfutar, ba jan rubutu, komai lafiya. Na ce ko ni ce na ɓata lissafi. Na tsaya ina kallo, sai ga wani ƙwai da 'yar tsaga, an fara bugowa daga ciki.

A daidai lokacin ɗan acaɓa ya sauke Dije, ta zo ganin 'ya'yanta. Muka gaisa, na shimfiɗa mata tabarma a waje. Na kira Sakina sau da yawa, sabis yana yankewa, kafin na same ta.

“Mama, ki zauna gaban kwamfutar ki rubuta kwanta,” in ji ta.

Na rubuta da yatsa ɗaya. Ya karɓa, bai ce komai ba, farantan kuma suna nan a karkace.

Na gaya mata. Sai ta ce, “Rubuta sunanki.”

“Sunana kuma?”

“Eh, Mama, rubuta kawai.”

Na rubuta Talatu. Ya karɓa kamar yadda ya karɓi na farko.

Na ji ta ja numfashi. “Bai san kwanta ba, kamar yadda bai san Talatu ba. Na sa sunan a tsari, amma bayanin yadda ake yin sa bai shiga ma'ajiya ba. Ya nema bai samu ba, ya wuce layi na gaba, don mun hana shi magana.”

Ta sa na daidaita farantan a hankali, na zare wayar motar juyin, na cika kwanukan da ke ƙasan farantan da ruwa mai ɗumi, na rufe. Ta ce kada in sake buɗewa ko me na gani.

Na fita na gaya wa Dije gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kawai, “Kazata ba ta taɓa juya ƙwai ranar fashewa ba.” Ta ƙi komawa gida. Muka wuni muna leƙen gilashi, na yi azahar da la'asar ban san me na karanta ba.

Washegari Sakina ta biyo motar Gaya ta iso. Kafin ta gama gyara, kukan 'yan tsaki ya cika ɗakin. Mafi yawa sun fito. Waɗansu sun mutu a cikin ɓawo, kansu a juye, kuma Dije ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta sa a gefen zanenta, ba ta bari na taɓa ba.

Sakina ta ce wa Hajiya Ladi za ta mayar da ƙarar. Hajiya ta ce, “Ki ƙara mata ƙarfi ma.” Sakina ta kuma sa jan rubutun ya zama da Hausa: “Ban san wannan ba,” sai sunan ya biyo baya.

Abin da na koya shi ne, a wannan aikin shiru ba ya nufin lafiya, ko daga inji ko daga ma'aikaci. Wadda aka sa ta abin da ba ta gane ba, ta faɗa a lokacin, ba wanda zai yi mata dariya a ɗakin nan.

Dije ta sake kawo ƙwai da damina ta zagayo, rabi kawai, sauran ta bar wa kajinta. Kafin ta sauke ƙwaryar sai da ta ce in rubuta sunanta a kwamfutar. Na rubuta Dije, injin ya ɗauki ƙara. Ta saurara har ya gama, sannan ta miƙo min.