Tarin Sarkin Kala

A layin gareji ba mai kiransa da sunan yanka. Sarkin Kala ake ce masa, domin in mota ta ƙuje, kallo ɗaya zai yi mata ya haɗa fenti ya fesa, mai motar ya nemi inda aka taɓa ya rasa. Tun yana saurayi yake aiki a rumfar kwanon nan da ake rufe bakinta da tamfol don kada ƙura ta sauka kan ɗanyen fenti. Ƙurar ba ta shiga kam, amma iska ma a waje take tsayawa.

Ba ya auna tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, da gwangwani kamar sauran masu fenti. Sai ya ɗan fesa a iska, ya ja da hanci, ya ce a ƙara ko a bari. Shi ya sa takunkumi bai taɓa zama a fuskarsa ba, wai a rufe masa hanci daidai yake da a ɗaure wa tela ido. In an tashi aiki sai ya shanye gwangwanin madara, yadda ubangidansa ya koya masa, wai tana wanke ƙirji. Ta ina abin da aka haɗiye zai bi ya je huhu? Ba wanda ya tambaya, don Sarkin Kala ba a ja da shi a sana'arsa.

Da fari tarin kan zo ya yi watanni ya tafi. Daga baya ya tare. Kowace safiya sai ya dafa bango ya yi ta kaki kafin ya iya amsa gaisuwa. Maganin kemis kuwa ba irin wanda bai sha ba. Ranar da ya tsaya a tsakiyar matakalar benen da suke haya, ya kasa gaba ya kasa baya, leɓɓansa suka yi duhu, matarsa ta daina lallashi. Ƙaninsa ta kira, suka kai shi asibiti.

Likita ya sa shi ya yi ta busa cikin wata na'ura, ya duba hoton ƙirjin, ya ce, "Ba tarin fuka ba ne, Malam. Hanyoyin iska ne suka kumbura, kuma sun daɗe a haka. Abin da ya lalace ba zai dawo ba. Wanda ya rage za mu tsare. In ka koma shaƙar fenti, shi ma zai tafi."

"To madara fa, likita?"

"Ka sha don daɗinta."

Ya ji tsoro, tsoron gaske. Ya bar wa ƙanin rumfa, ya riƙe maganin shaƙa safe da yamma, ya koyi fitar da numfashi a hankali da tsukakken baki, yana zaga unguwa a ƙafa. Sannu a hankali kakin ya ragu. Ya fara hawa bene ba hutawa, har da jikarsa a kafaɗa. Matarsa sai godiya ga Allah. Shi ma yana godiyar, sai dai duk motar da ta wuce da fenti mai dabbare-dabbare, hannunsa sai ya yi ta ƙaiƙayi.

Wata ranar ƙanin ya shigo yana sosa ƙeya. "Yaya, wata shuɗiyar mota ta gagare ni. Ƙofar daban, jikin daban. Ban ce ka taɓa ba, ka zo ka duba kawai."

"Ya kawo ta ƙofar gida mana," in ji matar.

"Ai kala a rumfa ake haɗa ta," in ji mijin.

"Baban yara, da kunnenka ka ji likita."

"Ido kawai zan kai, ke ma dai."

Ya tsaya a bakin tamfol kamar yadda ya yi alkawari. Ya kalli yadda ƙanin ke riƙe bindigar feshi, ransa ya ɓaci. Sai ya tuɓe riga ya rataye a waje don kada ta ɗauki wari, ya shiga. Motar ta fito kamar daga kamfani. Ya goge hannu, ya wanke fuska har bayan kunne, ya dawo gida yana ta zuba surutu, ya rantse wai daga bakin ƙofa kawai ya ba da umarni.

Da gari ya waye tarin ya tashe shi, mai nauyi irin na da. Matar ta zo da sauri ta tara masa kwano, tana bubbuga bayansa. Ya yi kaki ya tofar. Su biyun suka kalli cikin kwanon. Shuɗi ne, daidai kalar motar.

Ba ta yi faɗa ba, kuma hakan ya fi ba shi tsoro. Ta ajiye kwanon, ta ce, "Gobe kuma wace kala ce?"

Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, numfashin da zai yi maganar bai zo ba.