Mabuɗin Ɗakin Babana a Garwa

Asabar: Kano zuwa Yola

Ƙarfe biyar da rabi na asuba direba ya tada mota, ko tasbihi ban gama ja ba. Mu goma sha huɗu ne, duk tsofaffin malaman makaranta da muka ajiye alli, muka ba wani kamfanin yawon buɗe ido kwangilar ya zagaya da mu arewacin Kamaru na mako guda. Takardar da kamfanin ya raba mana mai sheƙi ce, kuma hoton da ya ja ni shi ne na otal ɗin Garwa: bene a bakin kogin Binuwai, kowane ɗaki da barandarsa. Na karanta takardar nan ya fi sau goma.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a motar. A ƙasan jakata akwai wani tsohon mabuɗi ɗaure da jar igiyar fata. Mahaifina, Alhaji Garba mai turare, ya yi shekara talatin yana kai turare Garwa, kuma gida ɗaya yake sauka, gidan Alhaji Ummaru. Har aka ware masa ɗaki aka ba shi mabuɗi. Da ya rasu shekara huɗu da suka wuce, saƙon baki kawai na aika. Alhaji Ummaru ya aiko mana da ta'aziyya, ni kuwa ko waya ban buga masa ba. Yau ne gobe ne, har abin ya zama kunya. Shirina shi ne in kwana a benen nan kamar kowane ɗan yawon buɗe ido, ranar dawowa in ba ɗan rakiyarmu mabuɗin ya kai musu.

Mun ci shinkafa a Gombe ƙarfe ɗaya, muka shiga Yola shida saura. Otal ɗin Yola ya yi daidai da hotonsa. Duk da haka sai da na murɗa famfo, na ɗaga zanen gado, na leƙa bayan labule. Hajiya Turai, wadda muka yi koyarwa tare shekara ashirin, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

"Malam Sani, ka bar duba makarantu ka koma duba banɗaki?"

Na ce mata abin da aka rubuta shi za a ba ni.

Lahadi: Yola zuwa Garwa

Ƙarfe bakwai muka tashi. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, hanya kuwa ta ci gwiwoyinmu. Mun isa iyaka ta wajen Belel sha ɗaya saura, aka buga mana hatimi, muka sauya mota. A nan muka haɗu da ɗan rakiyarmu, Hamadu, mutumin Garwa mai fara'a, wanda Hausarsa ke tafe da Faransanci da Fillanci a gefe. Shingen jandarmomi uku muka wuce kafin Gashiga, kowanne sai an duba fasfo da katin allurar shawara.

Tun daga Gashiga na lura fara'ar Hamadu ta ragu, waya ba ta barin kunnensa. Ƙarfe huɗu da rabi muka shiga Garwa, zafi kamar an buɗe murfin tukunya. Ina ta miƙa wuya in hango kogi, sai na ga mota ta kutsa wani lungu a bayan kasuwa, ta tsaya gaban wani gini mai hawa ɗaya da fentinsa ya koɗe, irin ƙaramin masaukin da suke kira oberj.

"Dezole, ku yi haƙuri, iyayena," in ji Hamadu. "Wancan otal ya cika, komple. Manya sun zo taro sun kwashe shambur duka, ko ɗaki ɗaya bai rage ba. Nan za mu kwana yau."

Na zaro takarda na nuna masa hoto. Shi kuma ya sa yatsa a ƙasan hoton, inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe: ko makamancinsa. Ni da na yi shekara talatin ina cewa yara su karanta tambaya har ƙarshe kafin su amsa, ban ga wannan layi ba.

Ɗakin da aka ba ni fanka ce kawai, ita ma tana juyawa tana kuka. Famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru, ga bokiti a gefe an cika shi. Tagar kuwa bangon maƙwabta take kallo. Raina ya ɓaci, na koma wajen karɓar baƙi na buɗe murya.

"Kada ku ɗauke ni baƙo a garin nan! Mahaifina, Alhaji Garba mai turare, shekara talatin yana zuwa Garwa. Na san akwai masauki na mutunci!"

Mai gadin wurin, wani dattijo da ke zaune kan benci, ya ɗago kai.

"Garba mai turare? Na gidan Alhaji Ummaru?"

Na ce e, a hankali, na ja ƙafa na koma ɗakin da nake rainawa. Sauran abokan tafiya suka fita cin gasasshen kifi, sefa dubu biyu da ɗari biyar kowanne, suka dawo suna yabo. Ni ko yunwa ban ji ba.

Litinin: Garwa zuwa Marwa

Ƙarfe shida da rabi ina fitowa da jaka, mai gadi ya ce ina da baƙo. A waje, jikin bango, wani tsoho ne zaune a kan buzu, farin gemu, sanda a gefe. An ba shi kujera a ciki ya ƙi shiga. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san ko wane ne. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Ya daɗe yana kallona. "Goshin Garba ne. Jabbama, sannu da zuwa. Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta."

Muka shafa. Na fara haɗa uzuri, cewa tafiyar ta ƙungiya ce, kamfani ne ya tsara komai. Ya ɗaga hannu.

"Ban zo faɗa ba, ɗana. Jiya bayan magariba labari ya gama kartiye, unguwa duk ta ji: ɗan Garba ya zo, ya sauka a oberj. Daga nan zuwa ƙofar gidana ba a hawa babur. Ka san abin da mutane za su ce? Ba za su ce yaro ya fi son fanka ba. Cewa za su yi Ummaru ya ci amanar Garba, shi ya sa ɗansa ya tsallake gidan. Mu nan, kakanninmu daga Kano suka zo, ba mu da gona, ba mu da shanu. Sunan mai masauki shi ne abin da muke da shi."

Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni kunyata kawai nake ta lallaɓawa, ashe sunan tsohon nan nake takawa. Direba ya danna hon. Hannuna yana cikin jaka a kan mabuɗin, na kasa fito da shi.

"Za ku biyo ta nan a dawowa?"

"Ranar Laraba, Baba."

"To. Allah ya kiyaye hanya."

Bai ce in zo ba, bai ce kada in zo ba. Ya dogara sanda ya miƙe, mai gadi ya naɗe masa buzu.

Mun tashi bakwai da kwata. Daga Garwa zuwa Marwa kilomita ɗari biyu ne da 'yan kai, ta Pitowa da Figil, gonakin auduga dama da hagu. Hajiya Turai da ke kusa da ni ta ga komai, amma ba ta tsokane ni ba, dabino kawai ta miƙo mini. Wannan shirun nata ya fi tsokanar ciwo.

Ƙarfe ɗaya muka shiga Marwa, garin da itatuwan darbejiya suka yi wa tituna rumfa. Nan ma an sauya mana otal, amma wannan karon sama aka yi da mu: na'urar sanyaya ɗaki, ruwan zafi da na sanyi, tawul fari fat. Babu wanda ya zaro takarda ya yi ƙorafi, har ni. Ashe ba sauyin ne ke ɓata mana rai ba, inda ya karkata ne.

Talata: Mindif

Ƙarfe takwas muka nufi Mindif, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Dutsen yana tsaye shi kaɗai a fili, ana hango shi tun daga nesa. Abokan tafiya suka yi ta ɗaukar hoto, ni na zauna a inuwa tare da Hamadu. Na fito da mabuɗin na gaya masa shirina na farko. Ya karɓa ya juya shi, ya mayar mini.

"Baba, ka yi haƙuri, wannan aike ba zan iya ba. In na kai mabuɗin nan, na kai musu labarin cewa an rufe tsakanin gida biyu. Ni a garin nake zaune."

Na tambaye shi ko har yanzu ana wannan al'ada, tunda ga otal ko'ina.

"Ta ragu. Fatake yanzu oberj suke sauka, su yi ciniki ta waya. Shi ya sa tsofaffin da suka rage suke riƙe da ita da hannu biyu."

Na tuna yadda mahaifina kan dawo daga Garwa da kilishi da zuma, ya ce na gidan Ummaru ne. Mun ci mun lashe hannu, ba wanda a cikinmu ya taɓa tambayar yadda gidan yake.

Laraba: Marwa zuwa Garwa

Mun bar Marwa ƙarfe tara bayan an zaga kasuwar fata, muka iso Garwa uku da rabi. Manya sun watse, Hamadu ya kai mu otal ɗin cikin hoto yana murmushi. Gaskiya hoton bai yi ƙarya ba. Aka ba ni ɗaki a hawa na biyu. Na tsaya a baranda, ga Binuwai shimfiɗe, masu kwalekwale suna jefa taru, iska mai sanyi tana tasowa. Abin da na baro Kano dominsa ke nan. Na yi minti goma a tsaye, sannan na ɗauki jakata na sauka na ajiye musu katin ɗakinsu.

"Malam Sani, ba ka murɗa famfo ba," in ji Hajiya Turai.

Na ce ta murɗa mini.

Mai babur ya sauke ni a ƙofar gidan ana kiran la'asar, sefa ɗari biyu. Alhaji Ummaru yana zaune a ƙofar zaure da wasu dattawa huɗu. Da ya hango jaka a hannuna, sai ya juya wajensu ya ɗaga murya yadda har masu shagon tsallake za su ji.

"Ga ɗan Garba nan. Ya gama da aikin ƙungiyarsu, ya zo gida."

Bayan salla ya kai ni wani ɗaki a gefen zaure na biyu. Ƙofar katako ce da tsohon kwaɗo.

"Akwai mabuɗi na biyu a wajen Hajiya uwargidana, da shi ake buɗewa a yi shara. Amma ka gwada naka."

Na zura mabuɗin. Ya buɗe ba gardama, an sha sa wa kwaɗon mai. Ɗakin bai kai rabin na oberj ba. Gadon ƙarfe, tabarma, randa a lungu, buta. A kan taga akwai 'yan kwalaben turare da babu komai a ciki, da wata hular mahaifina da na sani tun ina yaro. Har yanzu ɗakin da sauran ƙamshinsa. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Tsohon ya ja mini ƙofa ya bar ni.

Da magariba aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da kifi, muka ci a akushi ɗaya. Ya ba ni labarin mahaifina wanda ban taɓa ji ba: yadda yake tsoron shiga kwalekwale, da shekarar da ya kwanta ciwo wata biyu a ɗakin nan bai bari an gaya mana ba. Ba fanka, sauro kuma ya yi aikinsa. Ba zan yi ƙarya in ce na yi barci mai daɗi ba.

Alhamis da Juma'a: komawa gida

Da safe, bayan kunu da ƙosai, na durƙusa na roƙi gafararsa, na miƙa masa mabuɗin da hannu biyu. Na ce ni ba ɗan kasuwa ba ne, ban san ranar da zan sake zuwa ba, kada ɗaki ya zauna a rufe saboda ni.

Ya mayar da hannuwansa baya.

"Ba ni na ba ka ba, ubanka ne ya bar maka. Ka zo ko kada ka zo, wannan ruwanka. Amma muddin yana hannunku, ni mai masaukin gidan Garba ne. Kana da ɗa?"

"Akwai, Baba. Sunan mahaifina gare shi."

"To ka nuna masa ƙofar da yake buɗewa."

Motarmu ta bar Garwa ƙarfe takwas, muka kwana Yola, muka yi sallar Juma'a a Gombe, muka iso Kano bayan isha'i. Kamfanin ya raba mana takarda mu ba kowane masauki maki. Na Marwa na ba shi biyar. Da na zo kan oberj ɗin bayan kasuwa, mai famfon da ba ruwa, na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta: a gyara famfo, a gaishe mini da mai gadi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hamadu da ya ƙi karɓar aikena, da Hajiya Turai da ta san lokacin yin shiru. Washegari na kira ɗana Garba na ɗora masa mabuɗin a tafin hannu. Ya juya shi ya ce, "Baba, na wane ɗaki ne?" Na ce ya zauna, ya kuma fito da wayarsa, akwai tsohon da za mu gaisar.