Shekarar da Aka Rubuta Babana Rago

Har yau ba na iya ɗaukar albasa ban danna wuyanta da babban yatsa ba. Na yi haka a kasuwar Kumasi, na yi a Kwatano, na yi a Jidda har mai kanti ya harare ni. Idan wuyan ya bushe ƙamas, za ta daɗe. Idan ya yi laushi, wani ya yi ta ba ta ruwa har ranar cira, kuma ba za ta yi wata biyu ba. Jiya jikata ta miƙo min ɗaya, na danna, ƙanshin busasshen lawashi ya taso. Sai ga ni a fadamar Danchadi ina ɗan aji shida, da wani fushi da shekara arba'in ba ta kashe ba.

Lambun babana ba shi da girma. Kakana ya noma shi, shi ma ya noma, amma ƙasar fadama a hannun mai gari take. Daga dashe har wata uku, Baba yana kan jigo tun sanyin safiya, yana saukar da guga yana ɗagowa, yana kora ruwa fangali bayan fangali. Tafin hannunsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa. Amma da ganye ya soma kwanciya, sai ya kwance gugan ya rataye. Mako biyu cur ba ya ba albasa ko ɗigo. Yakan zauna gindin tsamiya yana tufka igiya, yana kallon ƙasa tana tsagewa. A wannan ƙishirwar ne wuyan albasa ke rufewa, ta iya zama a rudu, rumfar karan da muke ajiye ta, har damina ta yi nisa. Duk manomin Danchadi ya san wannan. Ku riƙe wannan maganar: duk sun sani.

Lokacin mulkin farar hula na biyu ne, bayan murnar cewa mulki ya zo gida ta lafa, sabulu da madara sun ɓace daga kantunan Bodinga. Aka ce gwamnati za ta kawo injinan ban ruwa, za a sake raba fadama, kuma wanda aka ga ba da gaske yake ba za a karɓe nasa. Mai gari ya aiko gida gida cewa baƙi na tafe jibi, kowa ya cika lambunsa da ruwa don su tarar da shi kore shar. Saura kwana goma a cire albasa.

Kowa ya zuba. Babana ya ƙi.

Inna ta roƙe shi ya jiƙa ko fangalan bakin hanya, guga ashirin kawai, don idon mutane. Ya ce mata, "In na ba ta ruwa yau, mi za mu ci da damana?" Ya ɗauki ramarsa ta tufka ya fita.

Ina makaranta ranar da suka zo, amma an ba ni labarin har na haddace. Mutum biyu ne a mota. Babban daga Sakkwato yake, bai ko sauka daga kan tudu ba don kada laka ta taɓa takalminsa. Ƙaramin malamin gona ne, ɗan Lambara, wanda ubansa ma albasa yake nomawa. Suka wuce lambuna masu sheƙi, suka iso namu: ƙasa a tsage, ganye a kwance ya yi rawaya, mai lambu a inuwa. Baba ya taso ya durƙusa ya gaishe su. Ba wanda ya tambaye shi komai. Babban ya yi magana da Turanci, malamin gona ya sunkuyar da kai ya rubuta. Babban ban riƙe shi a zuciya sosai ba, jahili ne mai mota. Ɗan Lambara shi ne na kasa yafewa.

Takarda ta zo bayan mako biyu, kuma ni ne mai karatun boko a gidan. Na gane inda aka ce za a karɓe lambun tunda an cire amfani. Kalmar Turancin da aka ba da dalili da ita ce ban sani ba: silak. Na kai wa hedimasta. Ya duba, ya dube ni, ya ce ma'anarta rago, mai sakaci da aiki.

Na tarar da Baba a zaure yana yanke ganyen albasa.

"Mi tac ce?"

Na faɗa masa yadda aka faɗa min. Ya ce in ɗora yatsana a kan kalmar. Ya daɗe yana kallonta.

"Wanga ɗan ƙanƙanen abu?"

Daga baya na sha haɗuwa da kalmar nan. A tashar jiragen ruwa ta Ikko, inda na yi aiki, ita ake faɗa idan ana so a sassauta igiya don kada ta tsinke lokacin da ruwa ya taso, kuma wanda ya san lokacin sassautawa gwani ne. 'Yan kasuwa suna faɗarta idan ciniki ya lafa, ba sa zargin kowa. Wani tela a Kumasi ya kira min wando mai walawa da ita. Igiya an yi mata uzuri, kasuwa an yi mata uzuri. Da aka zo kan talaka sai ta zama hukunci. Na koyi Yarabanci, da Larabci, da Faransancin kasuwa, kowanne yana da sunan da yake kiran mutumin da ya zauna. Ban ga wanda ya koya wa mai kallo daga cikin mota ya raba mai jira da malalaci ba.

Washegari Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zaɓi albasa ɗaya, ya ce in biyo shi da takardar. A ƙofar mai gari ya tuɓe takalmi, ya yi gaisuwa mai tsawo yadda ta kamata, sannan ya miƙa albasar da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, danna wuyanta."

Mai gari bai karɓa ba. Ya ce, "Na sani, Malam. Kowa ya sani. Amma takarda ta wuce Sakkwato."

An ba wa maƙwabcinmu lambun, abokin Baba tun suna yara, wanda ya fi kowa zuba ruwa ranar nan. Ya karɓa. Albasarmu ta kai tsakiyar damina lafiya lau. Ta waɗanda suka zuba ruwa ta ruɓe a rudu tun kafin ruwan farko, aka riƙa kwasarta da kwando ana zubarwa bayan gari. Kada ku ɗauka wannan ya gyara wani abu. Ba wanda ya sake rubuta takarda. Injin ya zo, ya yi rani ɗaya ya lalace, ba a samu kayan gyaransa ba.

Baba ya ƙare sauran rayuwarsa yana ƙwadago a lambunan Dingyadi. Abin da ya fi ci min rai shi ne, idan mai lambu ya ce a zuba ruwa ana gobe cira, sai ya ɗauki guga ya zuba. Bai sake yi wa kowa gardama a kan albasa ba.

Yanzu babu jigo a fadama, ƙarar inji ce ko'ina. Bara na je gida, na tarar an tara manoma, wani saurayi mai allo yana koya musu sabuwar dabarar adana albasa: a yanke mata ruwa mako biyu kafin cira. Aka tafa. A sahun gaba akwai wani dattijo mai sanda, shi ne shugaban taron. Na tambaya, aka ce min malamin gonar nan ne, ɗan Lambara. Da aka tashi aka faɗa masa ko ɗan wa ne ni, ya riƙe hannuna, ya yi wa babana addu'a, ya ce a duk fadamar nan ba a yi manomin albasa kamarsa ba.

Na amsa addu'ar, don ba a ƙin addu'a. Sannan na zare hannuna na ce masa Baba ya yi shekara goma sha ɗaya a lambun mutane yana jiran wani ya faɗi haka.